Motar ibrid a hannun direban 504

Akwai wata magana da ke yawo a fada-fada da tashoshin mota, daga Yamai har Damagaram, kuma mun gaji da jin ta. Wai motar ibrid yaudara ce. Wai an ce ba ta shan isansi, ga shi mutum ya zuba kuɗinsa ya sayo, bayan wata uku ya ga shanta bai bambanta da na tsohuwar Corolla ɗinsa ba. Daga nan sai a yanke hukunci a gaban butar shayi: kayan Turawa ne, ba su dace da ƙasarmu ba.

Mu dai ba mu yarda ba. Ba dillalan mota ba ne mu, ba mu da ko tamma a cinikin kowa. Amma duk wanda ya tsaya a bakin kwalta ya kalli yadda ake tuƙa waɗannan motoci a garuruwanmu, zai gane inda isansin ke tafiya. An ɗauko motar da aka ƙera a wani zamani, an miƙa ta ga ƙafar da ta koyi tuƙi a kan Peugeot 504, sannan ana mamakin abin da ya biyo baya.

Kafin mu yi nisa, tambaya ɗaya ga masu ƙorafin: lita nawa motarku ke sha a kilomita 100? Da wuya a samu mai amsa. Abin da za ka ji shi ne, "Na sha na jikka biyar, kwana uku ya ƙare." To kwana uku ɗin nan, ina da ina ka je? Da mutum nawa a ciki? Mu da kuɗi da kwanaki muke auna mai, ba da tafiya ba. Wanda bai san shan motarsa ba, ta yaya zai kai ta ƙara?

Kuma maganar ba ta wasa ba ce. Gaskiya ne muna da matatar SORAZ a jihar Damagaram tun 2011, gaskiya ne kuma a watan Yuli na 2024 hukumomi sun rage kuɗin litar isansi daga sefa 540 zuwa 499, dala ɗari babu tamma ɗaya. Amma kowa ya san abin da ya faru da man ƴan ruwa-ruwa tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayu na 2023: arahar da mutanen Maraɗi da Ƙonni suka saba da ita ta tafi. Kowa kuma ya tuna dogayen layukan da aka yi a gidajen mai a watan Maris na 2025. Ku ɗauki misalin mai taksi da ke yin kilomita 150 a wuni. In motarsa na shan lita 5 a kilomita 100, lita 7 da rabi ke nan. In tana shan 7, lita 10 da rabi. Bambancin lita 3 ne kullum, wajen jikka ɗaya da rabi, a wata kusan jikka 45. Kuɗin hayar gida ne wannan, ko buhun hatsi da cefane. Mota ɗaya ce, hanya ɗaya, ƙafa ce kawai ta bambanta.

Bari mu faɗi yadda abin yake aiki, don da yawa daga masu ba da shawara a fada ba su taɓa tambaya ba. Toyota ta fito da Prius a Japan a ƙarshen 1997, kuma yawancin ibrid ɗin da ke shigo mana, ko Prius ko Camry ko wata, tsarinsu ɗaya ne. Akwai injin isansi, akwai injinan lantarki biyu, akwai babban batir a bayan kujerar baya ko a ƙarƙashinta. Ba a jona ta da wutar Nigelec. To daga ina batirin ke samun wuta? Daga isansin da ka saya. Babu wata kafa ta biyu. Ko dai injin ya juya ya caja shi, ko kuma motar ta maido da wani abu daga cikin gudun da ta riga ta yi, lokacin da kake rage gudu. Wannan na biyun shi ne dabarar: a motar gargajiya, duk sanda ka taka birki, ƙarfin da ka saya da kuɗinka ya zama zafi ya bi iska. A ibrid, injin lantarki ne ke fara riƙe motar, yana juyawa kamar janareto yana zuba wuta a batir.

Amma batir yana da iyakar abin da zai iya haɗiyewa a lokaci guda. Kamar tulu ne mai ƙaramin baki: in ka zuba ruwa a hankali ya shiga, in ka juye bokiti gaba ɗaya rabi ya zube ƙasa. Ka taka birki a hankali daga nesa, wutar ta shiga batir. Ka taho a guje ka danne shi a gaban jar wuta, sai birkin ƙarfe ya karɓi aikin, abin da ya kamata ya dawo maka ya ƙone a taya. Yanzu ku dubi tuƙinmu. Wuta ta ba da hannu, kowa ya danne totur kamar an biyo shi, mita 200 a gaba ga wani shatale-tale ko tudun rage gudu, kowa ya danne birki. Mai kabu-kabu ya gifta, birki. An hango fasinja, birki. Kuma ƙarfin da ke cikin mota mai gudu ba ya ƙaruwa daidai da gudun: wadda ke kilomita 60 a awa tana ɗauke da ninki huɗu na wadda ke 30. Duk wanda ya kai 60 tsakanin jar wuta biyu da ke kusa da juna ya sayi abin da zai zubar nan take.

Abin da motar ke so ba shi da wuya. Ka tashi da ƙarfi madaidaici, ba rarrafe ba, ba tsere ba, har ka kai gudun da hanyar ke ɗauka. Sai ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya daga totur. In injin ya riga ya yi ɗumi, a gudun cikin gari zai mutu da kansa. Sai ka maida ƙafar a hankali, taɓawa kawai, motar ta yi ta sulalewa. Idonka kuma ya kasance can gaba, ba a kan bamban motar da ke gabanka ba. Ka hango cunkoso a bakin gadar Kennedy ko a ƙofar babbar kasuwar Maraɗi, ka saki totur tun daga nesa. Motar ma tana koyar da mai ita in zai duba: a tablon yawancinsu akwai ma'auni mai rubutu uku, CHG da ECO da PWR. Na farko wuta na shiga batir, na biyu kana cikin tattali, na uku kana ƙona kuɗi. In ka taka birki ma'aunin ya cika ɓangaren CHG har ƙarshe, to abin da ka ƙara a kan haka asara ne. Mutane nawa ne suka taɓa kallon wannan abu? Wasu ma carbi da hoton yara sun rufe shi.

Yanzu mu zo kan shawarwarin da suka fi ba mu haushi, don su ne ake bayarwa da sunan gwaninta.

Ta farko ita ce ta puwan-mor. Tsofaffin direbobi sun koya wa yaransu cewa a gangara, ko in an doshi tsayawa, a fitar da mota daga bitesi don a huta da shan mai. An ɗauko wannan an kawo kan ibrid, ana tura sanda zuwa harafin N. Jama'a, a N motar ba ta cajin batir ko kaɗan, littafin da kamfanin ya haɗo da motar ma ya faɗa. Ke nan daidai lokacin da ya kamata ta tara wuta kyauta, ka ɗaure mata hannu. Ba ka kuma ceci komai ba, domin a D ma, da ka ɗaga ƙafa, injin ko ya mutu ko yana juyawa ba tare da an ba shi mai ba. Abin da ka samu kawai shi ne ka ɗora dukan nauyin motar a kan birkin ƙarfe. A gangaren Adar, wajajen Keita da Buza, da mota cike da mutane da kaya, wanga ba maganar isansi ba ce kuma, maganar rai ce. Haka in an tsaya a cunkoso: mutum ya sa N, kilim na aiki yana jan wuta, batir na sauka, injin kuma ba shi da ikon cika shi. In tsayuwar gajera ce ka bar ta a D ka danne birki sosai, in ta yi tsawo ka sa P.

Wasu kuma sun gano harafin B, sun fassara shi da kansu, wai batir yake nufi, suna yawo da shi cikin gari don ya yi caji. Birkin inji ne. An yi shi ne don doguwar gangara, inda batir ya cika kuma ana tsoron birki ya yi zafi, sai motar ta juya injin don ya riƙe ta. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, B na cinye gudun da ka saya da zarar ka ɗaga ƙafa.

Sai maɓallin EV, abin alfaharin sababbin masu ibrid. Ana danna shi a nuna wa abokai mota na tafiya shiru ba inji. To, madalla, tana yi, kilomita ɗaya ko biyu a hankali. Daga nan fa? Injin ya tashi ya biya bashin, da riba a kai, domin duk wutar da ta shiga batir ta fito sai an yi asarar wani abu a hanya. Amfaninsa shi ne fitar da mota daga gida da asuba ba tare da an tada maƙwabta ba, ko gyara mata wurin tsayawa. A nan ma sai an kula: motar da ba ta ƙara, yaro da ke wasa a lungu ba ya jin ta, akuya ma ba ta ji. Dangin wannan shawara ita ce ta ɗumama inji da safe, a kunna mota a bar ta minti goma ana shan koko. Ibrid ba ta buƙata. In fitilar READY ta kama, ka tashi a hankali, ta yi ɗumi tana tafe. Mintocin farko su ne mafi tsada a kowace fita, shi ya sa wanda ya haɗa kai yara lakwal da cefane da zuwa wurin aiki a zagaye ɗaya ya fi wanda ya fita sau uku da inji mai sanyi.

Amma wadda ta fi kowace ɓarna ita ce ta kilim, kuma a nan za mu daɗe, don a nan ne masu cewa motar ba ta dace da ƙasarmu ba suke da ƴar gaskiya. Zafi abokin gabar batir ne. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, motar da aka ajiye a rana kuma cikinta ya fi haka nesa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, babban batirin da iskar cikin mota yake shan iska. Akwai ƴar taga mai raga a gefen kujerar baya ko a ƙasanta, fanka na jan iska ta nan tana hura masa. Iskar da fasinja ke shaƙa, ita batir ke shaƙa. Sai direba ya kashe kilim da rana tsaka don tattalin mai, cikin mota ya zama tanda, batir ya yi zafi. Kwamfutar motar, don ta kare shi, sai ta rage aiki da shi, injin isansi ya ɗauki kusan dukan nauyin. Ka sha zufa, ka sha mai, ka kuma rage wa batirinka kwana. Ina tattalin?

Ba mu ce kilim ba ya cin komai ba, yana ci. Amma akwai tsaka-tsaki. Ka nemi inuwar dogon yaro in za ka ajiye mota. In ka dawo ka buɗe gilasai ka yi ƴar tafiya zafin ya fita, sannan ka rufe ka kunna, ka sa shi wajen 25 ko 26 maimakon can ƙasa, ka bar shi yana juya iskar ciki. Ita kuma ƴar tagar nan, don Allah a bar ta ta sha iska. Mu masu son yi wa kujera riga ne, da shimfiɗa darduma, da cusa jaka da buhu a kowane lungu, ga zanen hajiya ya sauka ya rufe ragar tun daga Tawa har Yamai. Ga kuma ƙurar hunturu. Fankar nan tana tara ƙura da gashi da zare har ta toshe, a ƙasa irin tamu kuwa wanke ta aiki ne na kowace shekara, ko ma fiye. Makanikai nawa ne ke duba ta in an kai bidanji? Sai batir ya mutu a ce ai dama ibrid ba ta jure zafi.

Tun da mun ambaci makanikai, mu faɗa musu tasu. Muna girmama su, su ne suka riƙe motocin ƙasar nan da hannu da basira shekara da shekaru. Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Injin Prius ta 2009 zuwa sama an yi shi ne don man inji mai ruwa-ruwa, irin su 0W-20. A zuba masa mai kauri irin na tsofaffin motoci, wai don zafin ƙasarmu, injin da ke mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya ɗaya sai ya yi ta fama, shan mai ya ƙaru. Kwampiresan kilim ɗinta na lantarki ne, yana da nasa mai na musamman, in aka sa na sauran motoci ana iya lalata shi. Wayoyin nan masu launin lemu kuma wutar da ke cikinsu ta haura bolt 200, ba wurin gwaji ba ne ga yaron gareji. Wanda bai koya ba ya ce bai koya ba, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a lalata motar mutum sannan a ɗora wa Japanawa laifi, a lokacin da kayan gyara suka ƙara tsada bayan da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina.

Akwai kuma inda za mu ba masu sukar gaskiyarsu ba tare da jayayya ba. Ribar ibrid a cikin gari take, inda ake tashi ana tsayawa. A doguwar hanya, inda ba a taka birki sai jefi-jefi, ribar na raguwa, kuma gudu ke yanke hukunci. Turjiyar iska a kilomita 120 a awa ta fi ta 90 da wajen kashi 78 cikin ɗari, babu batirin da zai biya maka wannan. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, mai gudun 120 a takarda zai riga mai 90 da kamar minti 40, amma a takarda ne kawai: akwai Cadawa, akwai Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, kowanne da kasuwarsa da amalankensa da shingensa. A ƙarshe ɗan abin da ya rage bai kai ladan man da aka ƙona ba, balle haɗarin. In kuma aka ɗaura kariya a sama aka lafta mata buhunan albasa da katifa, to a daina kiran sunan tattali. Wanda aikinsa kullum doguwar hanya ce da lodi, ko hanyar rairayi ta ƙauyuka, Prius mai ƙasa-ƙasan ciki ba motarsa ba ce, kuma dillalin da ya ce masa ita ce ya cuce shi. Haka wanda ya sayi mai shekara 15 ba tare da an auna masa lafiyar batir ba, ya sayi kaya a cikin buhu. Lissafin da kamfani ke bugawa ma a yi hattara da shi: lita 3,9 da aka rubuta wa Prius ta 2009 a Turai awon ɗakin gwaji ne. A kan kwaltarmu, da kilim da ƙura, wanda ya samu kusan 5 ya yi tuƙi mai kyau.

Taya kuma, a taƙaice: awon iskar da ya dace na rubuce a jikin ƙofar direba, a je wurin mai faci da safe kafin taya ta yi zafi, a sa ya auna da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi lokacin ƙarancin mai, don mun san halinmu. In isansi ya ƙare a ibrid, tana iya ɗan matsawa da batir, sai mutum ya ce bari in lallaɓa in kai gidan mai. Kada a yi. Wannan babban batirin shi ne ke tada injin, motar ba ta da wani abin tayarwa daban. In ka tsotse shi ƙarƙaf, ko ka cika tanki ba za ta tashi ba, tura ta ma ba ya tada ta, sai an nemo na'urar caji ta musamman wadda ba kowane gareji ke da ita ba. Fitilar mai ta kama, a nemi mai. Ya ƙare, a tsaya a gefen hanya a kashe ta, a hau kabu-kabu da galan.

Masu cewa yaudara ce, ga abin da muke nema daga gare ku kafin mu ci gaba da gardama. Ku je gidan mai ku cika tanki har famfo ya tsaya da kansa. Ku rubuta kilomitan da ke tablo. Ku yi tuƙinku yadda kuka saba har mai ya yi ƙasa, ku koma famfon nan ku sake cikawa. Litocin da suka shiga ku ninka su da 100, ku raba da kilomitan da kuka yi. Sannan ku sake wani zagayen: ba N, ba B, ba EV, birki daga nesa, ragar batir a buɗe kuma a wanke, taya a aune, gudu kada ya wuce 90 a babbar hanya. Ku aiko mana da lambobin biyu, da irin motar da shekararta, da garin da kuke.